Reino Kangas, Mutumin da Ya Ƙi Sassauta Ƙanƙara

Ƙarfe biyar da rabi na safe Reino Kangas yake buɗe ƙofar baya ta zauren wasan hoki na kan ƙanƙara a Kwalejin Ashby Lake. Shekara arba'in da ɗaya ke nan bai saɓa ba. Zai ajiye gorar kofinsa a kan tukunyar ruwan zafi, ya rataye riga, ya leƙa injinan sanyi ya saurari kukansu, sannan ya taka ƙanƙarar da ƙafa. Wuri tara yake tsayawa. A kowane wuri zai zare safar hannu, ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a ƙasa kamar mai duba zazzaɓin yaro. Akwai na'urar awo a jikin bango, kwaleji ta sake masa sabuwa har sau uku. Yana duba ta, amma sai bayan hannu ya riga ya faɗa masa.

Ranar Juma'a mai zuwa zai ajiye aiki. Sunana Duane Perala, ni ke tuƙa motar da ke kai 'yan wasan kwalejin nan gari-gari tun ina ɗan shekara ashirin da huɗu. Rubutu ba sana'ata ba ce. Na ɗauki alƙalami ne saboda akwai maganar da ta daɗe a cikina, kuma in ban faɗa yanzu ba sai dai a bakin kabari, ni kuwa ban yarda da yabon da mai shi ba zai ji ba.

Yawancinku kun san Reino ne a matsayin tsohon nan mai jar hula da ke zagaya fili da motar gyaran ƙanƙara idan an tafi hutun wasa. Kuna cin masara, kuna yi masa tafi in ya gama layin ƙarshe. Ba ku ganinsa a watan Satumba, lokacin da filin siminti ne tsirara, yana tafiya da baya riƙe da mesa, yana fesa ruwa kamar yayyafi. Ya jira ya daskare, ya sake. Kwana uku yana wannan kafin kaurin ya kai gaɓar babban yatsa. Na taɓa ce masa ya buɗe famfo kawai ya tafi gida. Ya ce ƙanƙarar da aka yi da gaggawa iska ce a cikinta, ranar da aka fi buƙatarta ranar take fashewa.

Ku tambayi Elna Saari, wadda ta haura tamanin, ita da tsofaffin matan da ke zuwa sulɓi a kan ƙanƙarar kowace Talata da hantsi. Su shida ne, wani lokaci huɗu. Ta ce bai taɓa barin su hau ragowar ƙanƙarar da samari suka kakkarce ba. Sai ya aske, ya shimfiɗa ruwan zafi, ya jira ta yi sumul, kamar ranar babban wasa. Ta ce ta taɓa ce masa, "Reino, mu da muke tafiya kamar agwagi, me za mu yi da wannan gata?" Ya ce mata ƙugun tsohuwa ya fi na ɗan wasa wuyar ɗori.

Wannan halin ne ya kusa cinye shi a kakar wasa ta 1993 zuwa 94.

Wanda ya kai shekaruna a garin nan ba sai an tuna masa ba. Ba mu taɓa samun ƙungiya irin ta shekarar ba, kuma har yau ba mu sake ba. Yara ne manya-manya, 'ya'yan masu haƙar ƙarfe da masu sare katako, masu nauyin jiki, in suka matse mutum a jikin katanga sai ya tuna da uwarsa. Gudu ne kawai ba su da shi. Muka ci wasa ashirin da huɗu. Ya rage wasa ɗaya a watan Maris, a gidanmu, da wata babbar jami'a daga kudu. Wanda ya ci shi zai shiga gasar ƙasa, wurin da ƙafarmu ba ta taɓa takawa ba. Su kuwa yaran jami'ar nan ba su da jiki, amma gudu kamar an harba su daga baka.

Da safen ranar ina ɗakin injina ina shan kofin Reino, sai Koci Dale Brassard ya shigo ya turo ƙofa. Ba zan zagi Koci ba. Shekara goma sha ɗaya yana fama da ƙungiyar, ya san wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Abin da ya nema abu ne da ake raɗe-raɗin ana yi a wasu wurare: a sassauta injin sanyi kaɗan, a ƙara ruwa wajen gyara, ƙanƙara ta yi laushi ta riƙa kama takalmi. Mai gudu ya rasa gudunsa, mai ƙarfi ya ci riba.

"Maki uku kawai a ma'aunin sanyi, Reino," in ji shi. "Ba wanda zai sani."

Reino yana goge hannu da tsumma. Ya ce ƙanƙara mai laushi rami take yi, wuƙar da ke ƙarƙashin takalmin sulɓi ta maƙale, jiki ya juya gwiwa ta ƙi juyawa. Koci ya ce namu yaran sun san filin, za su kiyaye.

Reino ya ce, "Yaran da suka zo a waccan motar fa? Su ma uwa ce ta haife su."

"Wa ke ba ka aiki, mu ko su?"

"Ku ne. Ƙanƙara kuka ce in yi, ita zan yi. Iri ɗaya na iya."

Koci ya dube ni kamar in sa baki. Na sa. Na ce, "Haba tsoho, sau ɗaya a rayuwa. Waliyyi ne kai?" Ko kallona bai yi ba. Koci ya ce masa in aka sha kashi ya fara neman wani aikin, ya fita ya buga ƙofa.

Ban taɓa ganin ƙanƙara mai kyau irin ta ranar ba. Kamar madubi. Baƙin faifan robar da ake bugawa yana tafiya a kanta ba ko tangarɗa. Yaranmu suka yi wasan da ba su taɓa yi ba, aka tashi uku da uku, aka shiga ƙarin lokaci, wanda ya fara ci ya gama. Minti huɗu da shiga, wani siririn yaro nasu ya ɗauki faifai daga tsakiya. Kyaftin ɗinmu, Glenn Ostby, mai tsaron baya, ya bi shi. Taku ɗaya ya rage ya cim masa. Taku ɗaya. Yaron ya zura a raga, mutum dubu uku suka yi tsit har ana jin kukan injinan Reino ta ƙarƙashin ƙasa.

Mu uku ne muka san abin da aka faɗa a ɗakin injina. Washegari da safe, a gidan abincin Bev, gaban mutum wajen ashirin, ni na buɗe baki. Na ce da wani mai taurin kai ya murɗa maɓalli ɗaya, da yanzu ina wanke mota zan kai yara gasar ƙasa. Magana zarar bunu ce. Kafin azahar ba gidan da ba ta shiga ba.

Garinmu ƙarami ne, ba ya faɗa da ihu, da shiru yake yi. A coci aka daina zama kusa da Reino da matarsa Marlys wajen shan kofi. A kanti in ya shigo sai hira ta mutu. Aka laƙaba masa Waliyyi Reino, kalmar da ta fito daga bakina. Sannan aka fara ajiye masa buhunan gishirin narkar da ƙanƙara a bakin ƙofa, wai tunda bai san yadda ake sassauta ta ba ga kayan koyo. Marlys ta ce sun kai goma sha ɗaya kafin sanyi ya wuce. Shugaban sashen wasanni kuma ya kira shi ofis, ya ce daga kaka mai zuwa za a mayar da shi share wurin ajiye motoci da yankan ciyawa, a kawo wanda ke jin maganar koci. Ga mutumin da hannunsa ya san ƙanƙara kamar yadda ya san fuskar 'ya'yansa, wannan kora ce da aka sa wa riga.

Reino bai kai ƙara ba, bai yi wa kowa bayani ba. Ƙarfe biyar da rabi yana bakin ƙofar baya.

Wanda ya tsaya masa shi ne wanda ya fi kowa asara. Wata safiya Glenn Ostby ya shigo gidan Bev, ya ja kujera ya zauna a teburina ba gayyata. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a kwaleji, ba zai sake sa rigar ba. Ya ce ya ji ina yi masa kuka a gari.

"Kawu Duane, yaron nan ya fi ni gudu. Shi ke nan labarin. Kana so a ce na je gasar ƙasa ne don an zuba wa wani laka a ƙafa?"

Na ce ai don su nake yi.

"To ka bari. Ka tuƙa motarka, Baba Reino ya yi ƙanƙararsa."

Daga nan ya tattara 'yan wasan duka, su ashirin da uku, suka tafi ofishin shugaban wasanni. Waɗanda za su dawo baɗi suka ce ba za su ɗaura takalmi a kan ƙanƙarar da wani ya yi ba. Aka janye maganar yankan ciyawa. Aikinsa ya tsira cikin mako guda. Sunansa kuwa ya ɗauki shekaru, kuma har yau akwai tsofaffi biyu-uku a gidan Bev da in an ambaci shekarar sai sun girgiza kai sun ce maki uku kawai.

Ni fa? Na ci gaba da shiga ɗakin injina ina shan kofinsa shekara ashirin da biyar. Bai taɓa hana ni ba, ban taɓa tayar da zancen ba. Na ɗauka bai sani ba.

Ranar Litinin da ta wuce na same shi yana naɗe mesa. Na ce ina da magana. Na ce ni na kai zancen gidan Bev. Ya ce ya sani, mu uku ne a ɗakin, Koci kuwa ba ya cin abincin Bev, ciki yake ɓata masa. Na faɗi sauran: buhun gishiri na farko ni na ajiye, ranar Lahadi suna coci.

"Shi ma na sani," in ji shi. "Tayarka ta baya ta hagu daban take da sauran. Sawunta na nan a bakin ƙofata har Talata."

Na tambaye shi me ya yi da gishirin. Ya ce gishiri ne mai kyau, ba a zubar da shi. Wasu buhunan ya zuba su a matakalar coci. Nawa buhun kuwa a matakalar gidan mahaifiyata ya ƙare, don a layinsu take, ni kuma kullum ina kan hanya. Na tuna marigayiyar ta sha ce mini wani bawan Allah yana riga ta tashi ya kawar mata da ƙanƙarar bakin ƙofa. Na ɗauka maƙwabcinta ne. Ban taɓa tambaya ba.

Na tsaya ban san inda zan sa hannuna ba. Ya miƙo mini bakin mesa ya ce in riƙe, kada in tsaya masa a banza.

Reino, kai ne ka yi ƙanƙara ɗaya ga mai gida da baƙo, ga ɗan shekara ashirin da 'yar tamanin. Kai ne gari ya juya wa baya, ka ƙi juya masa naka. Ba ka taɓa zura faifai a raga ba, babu hotonka a cikin gilashin kofuna da ke bakin zaure, amma duk hoton da ke ciki a kan aikin hannunka aka ɗauke shi. Yaran da suka zo nan suka koma gida da gwiwoyinsu lafiya, namu da na wasu, ba su san sunanka ba. Ni na sani, na kuma ɓata shi. Ka yafe mini tun kafin in roƙa, amma a gaban mutane na yi laifin, shi ya sa nake roƙo a gaban mutane. Na gode. Marlys, ke ma na gode, ke kika zauna a teburin coci ke kaɗai da mijinki.

Ku kuma matasa da ke kama aiki, ko wane iri ne, wata rana wani babba zai turo ƙofa ya ce maki uku kawai, ba wanda zai sani. Wataƙila mutumin kirki ne, wataƙila duk gari na bayansa. Ku tuna da tsohon nan mai jar hula.

Juma'a ƙarfe huɗu na yamma zai yi zagayensa na ƙarshe, ƙofa a buɗe take ga kowa. Buhu goma sha ɗaya aka ajiye. Ɗaya nawa ne, na faɗa. Saura goma. Na ware muku kujeru a layin gaba, kusa da ni.