Jarkar Maganin Tsatsa

Har yau in na bi ta bakin kwata da damina, tsamin ruɓaɓɓen ganye ya bugi hancina, sai yawu ya taru mini a baki, in tuna jarkar yayana.

A lokacin Inna, mahaifiyarmu, ta fara mantuwa. Da farko makulli ne da carbi, daga baya mutane. Ni da nake zaune da ita a gidanmu na Gangaren Tudu, takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, in amsa abina. Yaya ne abin ya tsaya wa a rai. A Abuja yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa. Shi ne ɗan fari, don haka dama Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, iyakarta ta kau da kai ta ce, "An iso?" Ranar da ya durƙusa ya gaishe ta, ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" a zaure na same shi yana share hawaye. Ba abin da yake so a duniya sai ta sake gane shi.

Muna da 'yar haya, wata matar aure 'yar ƙabilar Eggon da ke karatun digiri na biyu. Kullum tana shanya zogale a inuwa, ta daka, ta tafi da garin makaranta. Wata Asabar Yaya ya tambaye ta na mene ne. Baiwar Allah ta yi ta laluben Hausar da za ta ɗauki maganar, can ta ce, "Oga, ka san yadda ƙarfe yana yi tsatsa? To ƙwaƙwalwa ma yana yi kamar haka. Ruwan da muna cirewa a ganye ɗin nan, muna duba ko zai hana. Amma a ɓera ne muna gwadawa fa."

Wannan "amma" ba ta shiga kunnen Yaya ba. Tsatsa ya ji, ruwan ganye ya ji, shi ke nan ya zama likita. A wurinsa ruwan ganye ai tsimi ne, tsimi kuwa sai ya tsumu yake aiki. Kuma in ganye ɗaya na kankare tsatsa, ina ga an tara su? Ya samo jarkar manja, ya ɗauraye ta sama-sama, ya ɗura zogale da shuwaka da ganyen gwanda da sassaƙen maɗaci, ya cika da ruwan rijiya, ya toshe, ya jingine ta a bayan ɗaki inda rana ke duka. Ya ce kada a taɓa sai ya dawo.

Da ya dawo ya buɗe, jarkar ta yi gyatsa. Ban san wata kalma da ta fi wannan dacewa ba. Kumfa ta taso, kore-kore da baƙi, funfuna na yawo a sama, ruwan ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa ta kwana. Ƙudaje suka yi sallama tun daga maƙwabta. 'Yar hayar ta fito hannu a hanci tana cewa, "Oga, ba haka ba ne, wannan zai kashe mutum." Ya ce mata kakanninmu da tsimi suka rayu kafin a gina jami'a.

Na ce, "Yaya, don girman Allah, ko akuya ba a bai wa wannan ba."

Ya ce, "Ke dai ƙyanƙyami ya yi miki yawa. Magani ai ba ya daɗi."

Wai Inna za a bai wa! Matar da ta yi shekaru tana tuyar masar sayarwa a unguwar Liman Abaji, wadda ruwa in ya kwana a buɗe ba ta ko alwala da shi. Komai ya gudu daga kanta, amma hancinta na nan. Da ya miƙa mata kofin ta kau da fuska. Ya lallaba, ya roƙa, daga ƙarshe ya tallabe mata ƙeya ya ɗura. Na ga abin yana gangarowa ta gefen bakinta yana ɗiga kan zanenta, na fita da gudu na amayar da abin da na karya da shi. Na ji ƙyamar ruwan, na ji ƙyamar taurin kan Yaya, wanda gani yake duk abin da ƙauna ta sa shi yi daidai ne.

Ya bar mini umarnin safe da yamma. Ni dai ko kofin ban taɓa ba, amma shi duk zuwan da ya yi sai ya ɗura mata da hannunsa. Cikinta ya ɓaci, ta daina karɓar ko kunu in dai a kofi ne, ta rame har wuyanta ya fito. Sai da muka kwana asibiti, likita ya yi masa wankin babban bargo, sannan ya yarda na tuntsurar da jarkar a kwata. Garin neman gira saura kaɗan mu rasa ido.

Asabar ta gaba ya shigo hannu rabbana, jiki a sanyaye, ya durƙusa a bakin tabarmarta. Inna ta tsura masa ido ta daɗe. Na ga fuskarta ta motsa, irin motsin wanda ya tuna wani abu. Shi ma ya gani, har ya matso.

Sai ta ja gefen mayafinta ta toshe baki, ta raɓo jikina, ta ce a hankali, "Na san shi. Mai abin warin nan ne. Ki ce masa na sha."

Har Allah ya karɓi abarsa ba ta sake mance shi ba. Da ta ji muryarsa a zaure, sai ta fara laluben mayafi.