Tsagin da Na Yi wa Motar Kafili

Ranar wata Alhamis ce a watan Yuli na shekarar 1993, ina da shekara goma sha ɗaya, rana ta take tsaka a lungunmu na Kurayyat, ni kuma ina tsaye a kan bulo gaban wata farar Kiresida da gorar ruwan sanyi a hannu. Motar ba tamu ba ce. Ta kafilin Baba ce, wani dattijo mai gida a unguwar Safa, wanda Baba ke tuƙa iyalinsa, kuma da sunansa muke zaune a Jidda gaba ɗayanmu. Aikina ne wanke gilashin gaba kullum da sassafe, amma ranar na biye wa ƙawayena su Hindatu muna carafke a bayan kantin unguwa har na sha'afa. Da na tuna na ruga famfo, na tarar ruwan tankin saman ɗaki ya yi zafin da ba a sa masa hannu. Ni da wayona sai na buɗe firjin Umma, na ɗauko gorar da ta fara ƙanƙara, na kwara wa gilashin da ya wuni yana shan rana. Na ji ɗan sauti, ƙas. Dama akwai wani tabo da tsakuwa ta yi a hanyar Makka, bai fi ƙwayar dawa ba. Daga jikinsa tsagi ya fito ya miƙe, tsawon yatsana.

Gidanmu na haya ne, iyali biyar a tsakar gida ɗaya: mu Kanawa, mutanen Damagaram biyu, sai Hausawan Sudan da yaransu ba sa amsa Hausa sai da Larabci. Igiyar shanya ɗaya, layin banɗaki ɗaya, kowace safiya a aiki ɗayanmu sayen burodin tamis da wake. A gidan nan ko yaron goye ya san mene ne iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, don mun sha ganin ɗakin da aka kwana da mutane aka wayi gari babu su. Na kuma san labarin direban da Baba ya gada, wanda kafili ya sallama zuwa ƙasarsu saboda ya goge ƙofar mota da bango ya ɓoye. Ga shi a watan nan iƙamarmu tana hannun dattijon za a sabunta, ranar Asabar da safe kuma Baba zai koma aiki da motar. Duk wannan ya zo mini lokaci ɗaya ina kan bulon, tsoro ya kama ni.

Ina da taurin kai tun ina ƙarama, kowa ya shaida, amma ban iya ƙarya ba. Na je na tashi Baba daga barcin rana na faɗa masa. Umma ta ɗirka mini dundu biyu masu kyau, ban ga laifinta ba. Shi kuwa ya fito ba takalmi, ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya karɓi alƙalamin zanena ya ɗiga ɗigo daidai inda tsagin ya tsaya. "Kar wanda ya taɓa, kar wanda ya buga ƙofa," abin da ya ce ke nan. Maƙwabta suka taya shi tura motar inuwa, aka rufa mata kwali. Ni na naɗa kaina mai gadi, na zauna a bakin taya da tsinken tsintsiya ina korar 'yan ƙwallo har magariba. Masu shawara suka yi ta zuwa. Wannan ta ce a goga tafarnuwa, waccan ta kawo man farce marar launi, wani ya ce a sauya gilashin kawai, ya manta takardar binciken mota a jikinsa take manne. Baba ya gode wa kowa bai ɗauki ta kowa ba. Da aka idar da salla muka ɗaga kwalin, tsagin ya wuce ɗigon da tsawon ƙwayar shinkafa.

Washegari Juma'a, gari na wayewa Baba ya ce zai kai ta unguwar Bagdadiyya wurin Ammu Usman, wani Bahaushen Sudan mai gyaran gilashi da suka saba. Kafin ya fito na riga na shige motar na ƙanƙame kujera. Umma ta yi ta kira, na ce ko za a yanka ni sai na je, ni na ɓata. Baba ya ƙyale ni. Muka tafi kamar masu ɗauke da ƙwai, tagogi a buɗe, ba na'urar sanyi, yana kauce wa kowane rami, ni kuma idona a kan ɗigon nan.

Ammu Usman dogo ne baƙi, da farar jallabiya da rawani, kayan aikinsa duka a cikin gwangwanin biskit suke. Ya duƙa ya duba, ya dube ni. "Ke ce mai ruwan sanyin, ya binti? Halas, shi ke nan, ke za ki gyara." Ya ce tsagi tafiya yake yi, ba a tsayar da shi sai an tare gabansa. Ya fito da ɗan injin huda irin na likitan haƙori, ya fara huda ƙaramin rami a bakin tsagin. Yana cikin yi tsagin ya zille ya ƙara gaba. Na ji Baba ya ja numfashi. Ammu ya matsa gaba kaɗan ya sake hudawa a inda tsagin bai kai ba, ya ƙwanƙwasa a hankali har tsagin ya zo ya faɗa ramin ya tsaya. Sannan ya zuƙi wani farin ruwan gam a sirinji, ya sa ni na shiga ciki na dafa gilashin da babban yatsa, in tura kaɗan don tsagin ya buɗe baki ya sha. Baba ya ce shi zai riƙe, Ammu ya hana, ya ce yatsan direba ƙarasa gilashin zai yi.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Gumi yana shiga idona, Ammu yana ta faɗin "shwayya, shwayya," wato a hankali, yana bin tsagin ɗigo bayan ɗigo. Ina kallo farin layin yana ɓacewa duk inda gam ya ratsa. Sau biyu ya ce in huta, na girgiza kai, don na rantse a raina ba zan saki ba sai ya kai ƙarshe. Da ya gama ya lulluɓe wurin da 'yar leda, aka tura motar cikin rana ta busar, ya kankare da reza, ya goge da gefen rawaninsa. Abin da ya rage bai fi silin gashi ba, sai ka karkata kai za ka gan shi. "Ba zai ƙara tafiya ba," in ji Ammu. "Wanda bai sani ba kuma ba zai gani ba."

A hanyar gida murna ta cika ni, na ce, "Baba, ai idon kafili ba shi da ƙarfi, ba zai taɓa gani ba." Bai waiwayo ba ya ce, "Amma ni na sani, Rakiya."

Ranar Asabar na sake kafewa sai da ya tafi da ni Safa. Baba ya kira dattijon har gaban motar, ya ɗora yatsa a wurin. Kafin Baba ya yi magana na riga shi, na faɗa da Larabcin makaranta cewa ni ce na zuba ruwan. Dattijon ya sa tabarau, ya bi layin da farce, ya dube ni, ya dubi Baba. Daga baya ya ce iƙama za a sabunta, amma daga yau mota a Safa za ta riƙa kwana. Baba ya yi masa godiya.

A lokacin na ɗauka mun tsira ke nan, ban gane abin da aka yanke ba sai da kwanaki suka tafi. Shekara shida Baba yana fita kafin kiran assalatu, ya taka zuwa babban titi, ya hau bas biyu, ya ƙarasa sauran da ƙafa, ya yi salla a masallacin da ta riske shi. Da yamma ya dawo ta haka, ga zafin Jidda, ga shekaru. Ni ma na ɗaura ɗamara, ban ƙara makara ba. Ni ke dafa masa shayi kafin ya fita, in ya dawo in kawo ruwan ɗumi a roba in jiƙa masa ƙafa, in shafa man kaɗanya a fason dugadugansa. Sai ya riƙa tsokanata wai likitarsa ta zo. Ko sau ɗaya bai taɓa ɗauko zancen gilashin ba, in Umma ta fara ma sai ya sako wata hirar.

Yanzu shagunan gyaran gilashi sun cika Safa. Ka shiga da tsagi, saurayi ya manna na'ura, ya haska fitila mai shuɗin haske, kafin ka shanye shayi an gama, ba mai tambayar wa ya yi. 'Ya'yana dariya suke yi in na ba su labarin, da ƙyar ma suke bin Hausar. Baba ya koma Kano da ƙafafun da suka gaji, can ya rasu, ban samu na roƙi gafararsa da bakina ba, don duk sanda na ɗauko maganar sai ya yi murmushi ya kawar. Har yau ina jin da ma ya yi mini faɗa, ko sau ɗaya ne.