Kawu da Jiniyar Motar Asibiti

Kawuna mai aski ne, shagonsa na bakin titin asibiti. Ba abin da ke tsayar masa da aiki sai in motar asibiti ta wuce da jiniya. Nan take tafinsa ya jiƙe da gumi, gabansa ya riƙa faɗuwa. Sai ya ajiye aska, ya ce wa wanda yake wa aski, "Bari in ƙara kumfa, gemun nan naka kamar waya."

A irin motar nan matarsa ta cika tun muna yara, kanta a kan cinyarsa.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, har yanzu ba ka haƙura ba?"

Ya goge hannu da tawul. "Na haƙura tuni, ɗana. Jikin ne labari bai kai masa ba."