Fatahu Mai Biro da Gardin Ƙofa

Shekara goma sha bakwai Fatahu ya yi a biro, wato ofis, na kamfanin haƙar ma'adinai a Akokan. Mutumin Tawa ne, dogo, mai son farar riga mai guga. Shi ke buga takardu a ordinatir, wato kwamfuta, kuma duk ma'aikacin da ke neman hutu sai ya tsaya gaban teburinsa. Cikinsu har da Halidu, gardin ƙofa, Badamagare da bai wuce aji shida ba.

Da aka rufe ramin ma'adinan a 2021, wata ƙungiya ta buɗe wa tsofaffin ma'aikata aji a Arlit don koyon haɗa manhaja. Fatahu ya ba da sunansa, ba ya ko shakkar shi zai zo na ɗaya. Ranar farko ya tarar da Halidu a kujerar da ke kusa da tasa.

Malaminsu Aghali, wanda suke kira Mushe, wato malamin boko, ya ce kowa ya ture linzamin kwamfuta gefe. Ya buɗe wani baƙin allo, babu hoto babu komai, sai ɗan layi yana ƙiftawa.

"A nan za ku rubuta wa na'ura umarni," in ji shi. "Ku shiga dosiye, wato ma'ajiyar aikinku, ku ce ta haɗa aikin, ku ce ta tayar da shi. In kun kuskure harafi ɗaya, ba za ta saurare ku ba."

Yatsun Fatahu gudu suke, don haka kullum allonsa cike da jan rubutun kuskure, shi kuwa ba ya tsayawa karantawa. Halidu da yatsa biyu yake bugawa. In na'ura ta ƙi, sai ya karanta ƙorafinta a hankali, ya kwafe a littafi, ya gyara.

A wata na huɗu Halidu ya haɗa ƴar manhaja mai fitar da jerin ƴan ga-ruwan unguwarsu, waɗanda kullum ke faɗan layi a bakin famfo. Ya buga umarni, ta tashi, sunaye suka jeru.

"Ku taso ku ga aikin Malam Halidu," in ji Mushe Aghali.

Malam! Fatahu ya ji kamar an watsa masa barkono a ido. Da ya koma gida ko tuwo bai taɓa ba.

"Kwaho shi ya yi daga intanet," ya ce wa matarsa Zakiyya. "Mi gardi ya sani?"

"To kai ma ka kwafo mana, Baban Khadija," ta ce, ta ɗauke kwanon.

Ran wata Alhamis kowa ya fita sallar azahar, Fatahu ya tsaya wai yana neman hularsa. Allon Halidu na buɗe. A makon nan aka koya musu umarnin gogewa, tare da gargaɗin cewa ba ya tambaya, ba ya mayarwa. Ya buga shi da sunan dosiyen Halidu, ya danna. Sannan ya je ya yi alwala.

Da aka dawo, Halidu ya nemi aikinsa ya rasa. Ya danna maɓallin da ke dawo da umarnin ƙarshe, sai ga layin gogewar ya fito ɓaro-ɓaro. Ya daɗe yana kallonsa. Ya juyo ya dubi Fatahu, wanda shi kaɗai ya makara a sahu.

"Lafiya, Malam Halidu?" in ji Mushe Aghali.

"Lafiya lau, Mushe. Kuskure aka yi."

Ya zaro ɗan kile daga aljihu, wanda kullum yake adana aikinsa a ciki, ya soka a jikin na'urar. Kafin minti biyar komai ya dawo.

Halidu bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma wannan shirun ya fi komai ƙona Fatahu. Bayan mako biyu Fatahu ya daina zuwa ajin, ya ce wa mutane idonsa ke ciwo.

Yanzu yana da ɗan shagon buga takardu kusa da kasuwar Arlit, yana samun na cefane. Halidu kuwa shi ke koyar da sababbi ran Asabar, har daga Agadas ake aiko masa da aiki. Kowace safiya yakan wuce a kan sabon babur, ya rage gudu, ya ɗaga hannu.

"Ina kwana, Malam Fatahu?"

"Lahiya lau."

Fatahu yakan bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ya ce wa mai shayin da ke gefensa ƙarar injin nan ba ta yi masa ba, ba zai kai baɗi ba.