Mai Duban Iska na Mtondoni

A Mtondoni ba a tura kwalekwale cikin teku sai an ji ta bakin dattijo Mzee Vuai. Gado ya yi. Kakansa ne yake faɗa wa manyan jiragen fatake ranar tashi, tun garin yana da kasuwa, tun ruwa bai cinye tsohon masallacin dutse ba. Yanzu gida sittin ne suka rage, sai bishiyoyin kwakwa da gishiri ya kashe.

Bayan sallar asuba yakan shiga ruwa iya gwiwa, ya ɗanɗana, ya dubi inda tsuntsaye suka nufa, sannan ya ce a fita ko a zauna. Shekara talatin da ɗaya maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Bara ya ga duk alamun da mahaifinsa ya koya masa, ya ce kusi, iskar kudu mai haukata teku, ta wuce. Kafin azahar sai iskar ta dawo. Kwalekwale tara suka fita, takwas suka komo. Na taran na ɗansa Pandu ne. Ba a sami gawa ba.

Tun ranar bai ƙara jiƙa ƙafarsa ba. Babu wanda ya zarge shi, shi kuwa da an zarge shi da ya fi masa sauƙi.

Bana kusi ta daɗe. Mako uku taru yana rataye, gari yana cin rogo gaya. Makame, abokinsa tun na ƙuruciya, ya same shi a ƙofar gida.

"Tsoho, sai mun ci yashi za ka tashi? Ko gwiwar ce ta ƙi?"

Vuai ya ce su tambayi rediyo. Makame ya ce rediyo ba ta taɓa shan ruwan Mtondoni ba, kuma matasa sun rantse gobe za su fita ko da maganarsa ko babu.

Washegari ya shiga ruwa, masunta suna tsaye a bayansa. Ya ɗanɗana. Ya dubi tsuntsaye. Alamun duk sun cika, daidai da na bara.

Ya daɗe kafin ya juyo.

"'Ya'yana, ban sani ba," in ji shi. "Tekun da aka koya mini ba wannan ba ne."

Suka dubi juna, suka dubi gidajensu. Sannan suka tura kwalekwalensu. Shi kuwa ya tsaya cikin ruwa yana ƙirga su. Goma sha ɗaya.