Yatsu Ukun Baba

Ranar wata Alhamis, a daminar shekarar da na shiga aji uku, Baba ya dawo daga bakin Binuwai da hantsi, babu kifi a kwandonsa. Ya tsaya a tsakar gida, ya zube abin da ke tafinsa a kan turmi. 'Ya'yan kifin karfasa ne guda biyar, busassu, kowanne bai kai ɗan yatsana ba. A kan yashin Lungu ya tsince su. Ina wanke-wanke a lokacin, na ƙara sunkuyar da kai cikin tukunya.

Lungu wani reshen ruwa ne mai ciyawa a ƙasan unguwarmu a Garwa, inda kifi ke shiga ya zuba ƙwai idan kogi ya cika. Masuntan unguwa sun ɗora wa Baba kula da shi, kuma dokokinsa biyu ne. Ta farko, daga ruwan fari har kogi ya janye, ba mai su a Lungu. Ta biyu, duk ragar da yatsunsa uku ba su shiga idonta ba, ba ta taɓa ruwa. Yakan ce, "Wanda ya ci ɗa bana, zai rasa uwa baɗi."

Zarginsa ya faɗa kan Malam Abakar, wani baƙon masunci da ya zo daga Kuseri da 'ya'ya shida. Laifinsa shi ne ba ya hira a bakin ruwa, kuma a bayan danga yake shanya ragarsa. Baba ya bi abin daki-daki. Ya fara auna ragar kowa, bai sami kome ba. Ya tambayi mata masu bandar kifi, suka ce ba su gani ba. Daga nan ya koma ya duba yashi, ya tarar da sawun yara. "Shi ke nan," ya ce wa Inna, "'ya'yansa yake turawa." Ya yanke cewa ranar Asabar zai kai maganar gaban jauro, mai unguwarmu, a fitar da kwalekwalen mutumin daga mashigarmu. Malam Abakar kuwa ba shi da ko taƙin gona.

Sawun nan nawa ne da na ƙawata Asabe. In mun taso daga lakwal, wato makaranta, aka aike mu wanki, sai in ɓoye tsohon gidan sauron Inna a ƙarƙashin kaya. Kowa ta kama gefe, mu ja shi cikin ciyawa, mu gasa abin da ya kama a kan murfin gwangwani da gishiri, mu shanya saura.

Ranar Juma'a tuwo ya ƙi shigar min. Da Asabar ta zo, Baba ya sa rigarsa ta fita yana neman hula, na ɗauko gidan sauron, yana ƙarni, na ajiye a gabansa. Ya ɗaga shi, ya gwada yatsu uku kamar yadda ya saba. Ko farce bai shiga ba.

"Ke da wa, Hajara?"

"Ni da Asabe, Baba."

"Sau nawa?"

"Bakwai."

Bai dake ni ba. Ya ɗora min abin a ka, ya sa ni gaba har ƙofar Malam Abakar. A nan na ga mahaifina, wanda ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, ya tuɓe takalmi ya nemi gafara. Malam Abakar ya dube ni, ya yi dariya. "Malam Sale, ashe da ɓarawon kake cin tuwo."

Yau motocin yashi sun cinye bakin Lungu, lambunan albasa sun sauko har cikin ruwa, leda ta maye gurbin ciyawa. Gidan sauro kuwa ɗinka shi ake yi goma-goma, a ja da rana tsaka. In na je kasuwa ba na sayen kifi sai na juya shi, na tambayi inda aka kamo shi da irin ragar, kuma ba kasafai nake yarda da amsar ba. Masu tallan ƙananan kifi a kwano sun san ni, suna cewa ga tsohuwar nan mai bincike. Ba na saye, amma ban taɓa iya yi musu tsawa ba. Na san wadda ta riga su.