Turken Safiyo a Kan Kabarin Kakata

Mun tashi daga Zariya da asuba, ni da kawuna, a bayan wata lori mai ɗauke da gishiri. Sule biyu aka karɓa zuwa Makarfi, ko da yake ina zaton an ƙara mini sisi don an gan ni da takalmi sau-ciki. Inna ce ta aike ni. Tun da na gama jami'a na kama aiki a ofishin safiyo, na masu awon ƙasa, take roƙona in je in gyara kabarin mahaifiyarta kafin ruwa ya sauka, ni kuwa ina ta ɗagawa.

A Kudan direba ya tsaya shayar da injinsa, mu ma muka sha fura. Daga nan sai gonakin rake dama da hagu, da ƙamshin mazarƙwaila. Hanyar kuwa, in ban yi mata ƙazafi ba, ramukanta sun fi shimfiɗarta yawa.

Daga Makarfi muka taka da ƙafa ta wajen Ikara. Majami'ar ƙauyenmu tana nan yadda na bar ta, ginin ƙasa da rufin ciyawa, da guntun ƙarfen dogo da ake bugawa ran Lahadi. Maƙabartar tana bayanta. Mutanenmu ba sa kafa gicciyen siminti. Tulu ake kifewa a wajen kan mamaci, kowane gida kuma ya san tulunsa.

Can na tarar da turaku masu jan fenti sun ratsa maƙabartar a jere, alamar sabuwar hanya. Ɗaya har ya fasa tulun kakata.

Wani dattijo Musulmi da gonarsa ke iyaka da wurin ya ajiye fartanya, muka gaisa mai tsawo.

"Jikan Lami ne ko? 'Yan bokonku ne suka zo," in ji shi. "Na ce musu akwai mutane kwance a nan. Suka ce, Baba, ina gicciye? Ni da nake salla, kunyar gonata ba ta taɓa haura tulun can ba."

Ban ce da gangan suka yi ba. Amma ba Turawa ba ne, 'ya'yan ƙasar nan ne, a ƙarƙashin sabuwar tutarmu. An koya musu kamannin maƙabarta a littafi, suka ƙi jin tsohon da ya halarci bizne rabin waɗanda ke ciki. Wannan raini ne, ban sami wata kalma mai sauƙi ba.

Da na duƙa sai na gane lambar da ke jikin turken. Taswirar hanyar ta bi ta teburina watannin baya, an rubuta "fili" a wurin, ni kuma na sa hannu.

Na san cire turken gwamnati laifi ne. Na daɗe a tsaye.

"Malam, ni zan cire ko kai?" in ji kawu.

Ni na cire. Dattijon ya bi da mu tulu bayan tulu yana faɗin sunayen masu su, ina rubutawa.

Da muka dawo gida Inna ta tambaye ni ko na gyara. Na ce mata na fara. Ban sani ba ko za a karkatar da hanyar, ko ni za a karkatar daga aiki. Abin da na koya dai shi ne ba zan ƙara sa hannu a kan ƙasar da ban taka ba. Ran Litinin zan ajiye turken da sunayen nan a teburin maigidana na ofis.